Kififiya da baiwar Allah ta duwatsu

Kififiya da baiwar Allah ta duwatsu halittu ne guda biyu da ake samu a arewacin Najeriya. Kwatanta su yana taimakawa wajen gane bambancin da ke tsakanin dabbar da ba ta da yawa tun asali da dabbar da ke kan hanyar ƙarewa. Kififiya (Trionyx triunguis) dabbar ruwa ce dangin kunkuru, tana zaune a manyan kogunan Afirka, har takan shiga teku. Baiwar Allah ta duwatsu (Lagonosticta sanguinodorsalis) ƙaramar tsuntsuwa ce mai waƙa, wadda masana ba su yi mata suna ba sai a shekarar 1998, kuma ana samunta ne a tsaunukan Jos da wasu duwatsun da ke gabas da su.

Kififiya ta bazu a ƙasashe da dama, daga Senegal zuwa Masar da Turkiyya, amma Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta saka ta a jerin dabbobi masu rauni. Ita kuwa tsuntsuwar, duk da ƙanƙantar yankinta, ƙungiyar ta ajiye ta a rukunin da ba a fargabar ƙarewarsa. Wannan maƙala tana bayanin dalilin haka, tare da duba yadda lamarin ya shafi koguna da fadamun ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

Sunaye

Hausa ta raba dangin kunkuru gida biyu. Na tudu shi ne kunkuru, kuma kalmar namiji ce. Ta ruwa ita ce kififiya, kalmar mace ce. Da yake ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku, babu tsohuwar kalma ta musamman ga nau'o'in da ke rayuwa a teku, shi ya sa ake cewa kunkurun teku a rubuce-rubuce da kafafen yaɗa labarai. A bakin masunta, sunan kififiya ya haɗa nau'o'i fiye da ɗaya, manya da ƙanana, masu taushin baya da masu tauri. A wannan maƙala an fi nufin babbar kififiya mai taushin baya.

Sunan kimiyya na kififiya ya maimaita ma'ana ɗaya sau biyu. Trionyx daga Girkanci yake, yana nufin farce uku, triunguis kuma daga Latin, shi ma farce uku, saboda kowace ƙafarta farce uku gare ta. Peter Forsskål, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya bayyana ta a rubutun da aka wallafa a 1775 bayan rasuwarsa.

Baiwar Allah sunan Hausa ne na jar tsuntsuwar nan da ke shiga gidaje tana tsintar tsaba a tsakar gida (Lagonosticta senegala). 'Yar'uwarta ta tsaunukan Jos ita ce aka kira baiwar Allah ta duwatsu a nan, bisa la'akari da mazauninta. Lagonosticta na nufin mai ɗigo-ɗigo a gefen jiki, sanguinodorsalis kuma mai baya ja kamar jini.

Siffar kififiya da mazauninta

Bayan kififiya ba shi da ƙoƙo mai tauri irin na kunkurun tudu. Fata ce mai kauri ta lulluɓe ƙashin, gefenta kuma yana lanƙwasuwa. Jikinta a baje yake, wuyanta dogo, hancinta ya fito kamar ɗan bututu. Wannan ya sa takan binne jikinta a yashi ko laka a inda ruwa ba zurfi, ta miƙo hanci kawai ta shaƙi iska. Tana kuma iya samun wani kaso na iskar numfashi daga cikin ruwa ta maƙogwaro da fata, don haka takan daɗe ba ta leƙo ba. Babbarta tana kusan kai mita 1 a tsawon baya, nauyinta kuma yakan haura kilo 40. Tana cin kifi, kwaɗi, katantanwa, ƙwari, mushe da 'ya'yan itatuwan da suka faɗa ruwa. Tana da cizo mai ƙarfi, kuma tsawon wuyanta yana ba ta damar kai baki nesa.

Ana samunta a kogunan Nilu, Neja, Senegal, Bolta da Kongo, da Tafkin Turkana na Kenya. Akwai kuma wasu a gaɓar Tekun Bahar Rum, musamman a kudancin Turkiyya, inda jiragen kamun kifi kan kama su a cikin teku. Wannan juriya ga ruwan gishiri ita ta sa ta fi sauran kififiyar Afirka kusa da rayuwar kunkurun teku.

Akwai wasu nau'o'i biyu masu taushin baya a yankin sabana na Afirka ta Yamma. Ta farko ita ce kififiyar Senegal (Cyclanorbis senegalensis), wadda ta fi ƙanƙanta, tana zama a tafkuna da kududdufan damina, idan ruwa ya ƙafe kuma ta shige laka ta jira shekara ta zagayo. Ta biyu ita ce kififiyar Nubiya (Cyclanorbis elegans), ta manyan koguna, wadda a da aka sani a Najeriya da Ghana da Togo da Chadi. An yi shekaru masu yawa masana ba su ci karo da ita ba, sai a 2017 wata tawaga da ta haɗa da Luca Luiselli da Gift Simon Demaya ta same ta a Farin Nilu a Sudan ta Kudu. Tana cikin dangin kunkurun da suka fi kusa da ƙarewa a duniya.

Dangantaka da kunkurun teku

Nau'o'in kunkurun teku bakwai ne a duniya, kuma biyar daga ciki suna zuwa ruwan Tekun Gini, wanda gaɓar Najeriya ke ciki. Mafi girma shi ne mai bayan fata (Dermochelys coriacea), wanda yakan kai ɗaruruwan kilo, kuma gaɓar Gabon na cikin wuraren da ya fi yin ƙwai a duniya. Wanda ya fi shiga haɗari a yankin shi ne mai bakin shaho (Eretmochelys imbricata). An yi ƙarnoni ana kashe shi saboda ƙoƙon bayansa, wanda ake yin mataji da abin ado da shi. Japan, wadda ta fi kowa saye, ta daina shigo da shi a farkon shekarun 1990. Har yanzu yana yin ƙwai a tsibiran Sawo Tome da Firinsife da Biyoko.

Kififiya da kunkurun teku ba gida ɗaya suke ba a rabe-raben masana, amma tsarin rayuwarsu ya yi kama. Dukkansu a ruwa suke rayuwa, macen ce kaɗai ke fitowa tudu don ta haƙa rami a yashi ta zuba ƙwai, ta rufe, ta koma. Dukkansu suna daɗewa kafin su balaga, kuma abin da ya fi kashe manyansu shi ne kayan kamun kifi da farautar mutane. Akwai bambanci guda mai muhimmanci. A wajen kunkurun teku, zafin yashi ne ke tantance jinsin 'ya'ya: idan zafi ya haura kimanin digiri 29 a ma'aunin salshiyos, mata sun fi yawa, idan ya gaza haka maza sun fi yawa. Shi ya sa ɗumamar yanayi ke damun masu kula da su. A dangin kififiya mai taushin baya kuwa, ƙwayoyin gado ne ke tantance jinsi.

Siffar tsuntsuwar da yadda aka gano ta

Baiwar Allah ta duwatsu ba ta wuce santimita 10 zuwa 11 ba, nauyinta kuma kimanin giram 10. Namijin yana da kai mai ruwan toka, fuska da ƙirji ja, baya ja mai duhu, da baki mai ruwan toka da ya ɗan yi shuɗi. Macen ba ta kai shi ja ba. Abincinsu 'ya'yan ciyawa ne da suke tsinta a ƙasa. Suna zama a gindin duwatsu inda akwai sarƙaƙiya da ciyawa, kuma da rani sukan yi nisa da wurin kwanansu don neman ruwan sha. Bayan tsaunukan Jos da duwatsun da ke kewaye, an same su a tsaunukan Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru.

Ta hanyar waƙa aka gano ta. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye baƙaƙe masu sheƙi, dangin zalaidu, waɗanda masana ke kira Vidua. Ba sa yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, ta bar mata reno. Kusan kowane nau'in Vidua yana da nau'in da yake kai wa ƙwai, kuma namijinsa yana kwaikwayon waƙar wadda ta rene shi. Robert Payne, masanin tsuntsaye na Jami'ar Michigan a Amurka, ya yi nazarin wani Vidua na tsaunukan Jos (Vidua maryae), wanda waƙar da yake kwaikwayo ta bambanta da ta nau'o'in baiwar Allah da aka sani. Bin diddigin mai waƙar ta asali ya kai ga tsuntsuwar duwatsu, wadda Payne ya bayyana a matsayin sabon nau'i a mujallar Ibis a 1998.

Wurin da aka fi yin nazarinta shi ne dajin Amurum, mai faɗin kimanin hekta 300, a ƙauyen Laminga kusa da Jos. A nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda aka fi sani da APLORI. An kafa ta a 2001, kuma tana aiki tare da Jami'ar Jos.

Haihuwa da tsawon rai

Babban bambancin halittun biyu yana cikin yadda suke maye gurbin waɗanda suka mutu.

Kififiya takan zuba ƙwai masu yawa a rami ɗaya, daga kimanin 25 zuwa abin da ya kai 100, a tudun yashin bakin kogi. Ƙwan yana ɗaukar kusan wata biyu ko fiye kafin ya ƙyanƙyashe. Ba uwa a wurin. Guza da dila da karnuka da mutane suna tone ramin, sannan tsuntsaye da manyan kifaye suna cinye ƙananan da suka fito. Kunkurun teku mai bakin shaho yakan zuba ƙwai sama da 100 a rami, kuma ƙiyasin da aka fi ambata game da kunkurun teku shi ne kusan ɗaya cikin 1,000 ne ke kai wa girma. Wadda ta tsira kuwa sai ta yi shekaru kafin ta fara ƙwai. A wasu nau'o'in teku abin yakan kai shekara 20 zuwa 30. Abin da ke riƙe da nau'in shi ne babbar mace, wadda ba ta da maƙiya da yawa a daji, ta yi shekaru masu yawa tana ƙwai.

Dangin baiwar Allah akasin haka suke. Macen takan saka ƙwai 3 zuwa 6 a sheƙar ciyawa. Namiji da mace suna karɓa-karɓa wajen kwanci, ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa da mako biyu, 'ya'yan su tashi bayan kimanin mako uku. Tsuntsun da aka ƙyanƙyashe bana yana iya yin nasa ƙwan baɗi. Da yawa suna mutuwa kowace shekara, amma idan damina ta yi kyau ciyawa ta yi 'ya'ya, adadin yakan dawo da sauri. Ta duwatsu tana yin sheƙa ne daga ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin da 'ya'yan ciyawa suka nuna.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan irin kariyar da ta dace. A 1987 Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell sun wallafa wani lissafi a kan kunkurun teku na gaɓar Amurka, wanda ya nuna cewa tsare ƙwai kaɗai ba zai hana raguwa ba muddin manya da matasa na mutuwa a ragar masunta. Sakamakon ya ƙarfafa dokar da ta tilasta wa jiragen kamun jatan lande su sanya wata ƙofa a ragarsu da kunkuru zai iya fita. Haka lissafin yake ga kififiya: kashe babbar mace guda asarar ƙwan shekaru masu yawa ne, kuma sai an jira shekaru kafin wata ta maye gurbinta. Ga tsuntsuwar, mutuwar guda ba ta da wannan nauyi. Abin da ba za ta iya jurewa ba shi ne rasa dutsen da sarƙaƙiyar da take rayuwa a ciki.

Abin da ake gada da abin da ake koyo

'Yar kififiya ba ta taɓa ganin uwarta. Tana fitowa daga ƙwai ta nufi ruwa, ta nemi abinci, ba mai nuna mata. Kunkurun teku ma haka, har ma ya yi tafiyar dubban kilomitoci, macen kuma ta dawo yin ƙwai a yankin da aka ƙyanƙyashe ta. Binciken Kenneth Lohmann da abokan aikinsa ya nuna cewa suna amfani da maganaɗisun ƙasa wajen gane hanya.

Tsuntsaye masu waƙa, waɗanda nau'o'insu sun haura 4,000, koyon waƙa suke yi. Ɗan tsuntsu yana sauraron manya a wani taƙaitaccen lokaci na ƙuruciya, sannan ya fara gwadawa da sautuka marasa tsari, kamar gwarancin jariri, har waƙar ta daidaita. Saboda haka waƙar nau'i ɗaya takan bambanta daga wuri zuwa wuri, kamar karin harshe. Peter Marler ya nuna haka a shekarun 1960 a kan wani nau'in gwara na Kalifoniya. Masana harshe suna yawan kawo wannan misali idan ana maganar yadda yaro ke koyon harshen gidan da ya tashi.

A wajen Vidua abin ya fi fitowa fili. Ɗan da aka rena a sheƙar baiwar Allah yana tashi da waƙar gidan. Macen da aka rena a irin wannan sheƙa tana zaɓar namiji mai wannan waƙa, kuma a sheƙar wannan nau'i take saka ƙwanta. 'Ya'yan suna da ɗigo-ɗigo a cikin baki irin na 'ya'yan masu sheƙar, don haka ake ciyar da su tare, kuma ba sa jefar da 'yan gida. Payne ya gwada ba wa wani nau'in tsuntsu daban renon 'ya'yan Vidua, sai suka tashi da waƙar sabon mai renon. A 2003 Michael Sorenson da Kristina Sefc da Payne sun nuna a mujallar Nature cewa irin wannan sauyin gida yana iya haifar da sabon nau'i. Ma'anar wannan ga kariya ita ce Vidua na Jos ya dogara kacokan ga baiwar Allah ta duwatsu. Idan ta ɓace, shi ma ya rasa mai reno.

Koyo yana da nasa rauni. A Ostareliya akwai wani tsuntsu mai shan ruwan fure (Anthochaera phrygia) da ya rage 'yan ɗaruruwa a daji. Binciken da aka wallafa a 2021 ya gano cewa wasu mazan ba su samu manyan da za su koya daga gare su ba, sai suka ɗauki waƙar wasu nau'o'in, kuma irin waɗannan sun fi shan wuyar samun mace. Tsuntsu mai waƙa yana iya rasa waƙarsa tun kafin nau'in ya ƙare.

Yadda ake auna barazana

IUCN ta fara tattara jerin halittun da ke cikin haɗari a 1964. Rukunonin barazana uku ne: mai rauni, mai fuskantar haɗari, da mai fuskantar matsanancin haɗari. Ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne yawan raguwa cikin shekara 10 ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Raguwar kashi 30 cikin 100 tana kai nau'i rukunin farko, kashi 50 na biyu, kashi 80 na uku. Wani ma'aunin yana duba ƙanƙantar yanki, amma sai an haɗa shi da wasu alamu, kamar rarrabuwar mazauni da ci gaba da raguwa. Akwai kuma ma'aunin yawan manya masu haihuwa.

Bisa waɗannan ma'aunai, babbar kififiya da kififiyar Senegal suna rukunin masu rauni, kififiyar Nubiya da kunkurun teku mai bakin shaho suna cikin matsanancin haɗari. Babban kunkurun tudu na Sahel (Centrochelys sulcata), wanda ake ajiyewa a wasu gidaje a ƙasar Hausa, yana rukunin masu fuskantar haɗari. Baiwar Allah ta duwatsu da Vidua na Jos ba sa cikin ko ɗaya daga rukunonin uku, domin mazauninsu duwatsu ne da ba su da daɗin noma, kuma yankin da aka same su ya faɗaɗa yayin da bincike ya ƙaru.

Tsawon zuriya yana sa lissafin ya bambanta ƙwarai. Zuriya uku ta ƙaramar tsuntsuwa ba ta wuce shekara 10 ba. Zuriya uku ta kififiya gomman shekaru ce. Don haka ana iya ci gaba da ganin manyan kififiya a kogi alhali an daɗe ba a samu ƙananan da za su gaje su ba, kuma ba za a lura ba sai tsofaffin sun ƙare.

A Tambuwal da Kebbe

Tambuwal da Kebbe suna kudancin Jihar Sakkwato. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kuma ƙaramar hukumar ta ƙunshi garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna. Kebbe tana iyaka da jihohin Zamfara da Kebbi, kuma Kuchi na cikin garuruwanta. A ƙidayar 2006 Tambuwal na da mutum sama da 220,000, Kebbe kuma sama da 120,000. Kogin Zamfara yana bi ta yankin daga wajen Gummi zuwa Jega, kafin ya haɗu da Kogin Sakkwato, wanda ke zuba a Kogin Neja. Wannan ya sanya kogin da fadamunsa cikin yankin da dangin kififiya ke rayuwa.

Abubuwan da ke rage kififiya a kogunan Afirka ta Yamma sanannu ne ga duk wanda ya san aikin su. Mamari, wato doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, yana kama ta ko ba ita aka nufa ba. Kalli da aka bari a ruwa ya kwana yakan riƙe ta har ta kasa fitowa shan iska. Taru yana kwashe na cikin tafkin da ya janye da rani. Ana cin namanta da ƙwanta, ana kuma sayar da sassan jikinta ga masu maganin gargajiya. Ɗibar yashi don gini da noman rani har bakin ruwa suna cinye tudun yashin da take ƙwai. Madatsun ruwa ma suna sauya lokaci da yawan ambaliya. A wannan yanki an gina madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, da ta Goronyo a kan Kogin Rima a 1984, kuma nazarin da William Adams ya yi a kan Bakolori ya nuna raguwar ambaliya da kamun kifi a fadamun da ke ƙasa da ita.

Baiwar Allah ta duwatsu ba ta zuwa wannan yanki, domin tsakaninsa da Jos akwai ɗaruruwan kilomitoci. Wadda ake gani ita ce baiwar Allah ta gida, wadda ke sheƙa a jinkar ɗaki da danga da rumbu. Ita ma tana da nata Vidua (Vidua chalybeata), ɗan baƙin tsuntsun da ake gani da damina da kaka yana waƙa a kan reshe ɗaya kullum. Duk abin da Payne ya bayyana game da reno da kwaikwayon waƙa ana iya lura da shi a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe ba tare da na'ura ba. Wannan nau'i yana da yawa a faɗin Afirka, kuma zama kusa da mutane ya amfane shi. Abin da ke taɓa ƙananan tsuntsaye masu waƙa a yankin shi ne sare sarƙaƙiya, ƙona daji, feshin maganin ƙwari da na jan baki, da kamun tsuntsayen keji irin su kanari.

Dokoki da matakan kariya

An sanya hannu a kan yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari tsakanin ƙasashe, a 1973. Ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli, 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma na farko da suka amince da ita. Dukkan kunkurun teku suna rukuni na ɗaya, wanda ya haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe. A taron Johannesburg na 2016 an saka kififiyar Afirka masu taushin baya a rukuni na biyu, wanda ke buƙatar izini kafin fitarwa. A 1999 ƙasashen gaɓar Atlantika ta Afirka sun cimma wata yarjejeniya a Abidjan don kare kunkurun teku. A cikin gida an yi dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari a 1985, aka yi mata gyara a 2016, kuma aka sa hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, cikin masu aiwatar da ita. A ɓangaren tsuntsaye, Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji a 2005, ta mayar da haramcin na dindindin a 2007, abin da ya rage fitar da ƙananan tsuntsaye daga Afirka ta Yamma.

Waɗannan dokoki sun fi shafar ciniki tsakanin ƙasashe, alhali yawancin kififiyar da ake kamawa a kusa ake cinye ta. Saboda haka tsarin gargajiya yana da muhimmanci. A ƙasar Kabi da Sakkwato, Sarkin Ruwa yana da ikon hana su a wani gurbi har zuwa ranar da aka tsayar, kamar yadda ake yi a Matan Fada ta Argungu. Irin wannan iko yana iya ɗaukar matakan da suka dace da rayuwar kififiya: sakin manyan mata da suka faɗa raga, duba kalli da mamari a kan kari kafin abin da suka kama ya mutu, da barin wasu tudun yashi ba noma ba ɗiba a lokacin ƙwai.

Ga tsuntsuwar duwatsu, matakin ya shafi wuri ne. Dajin Amurum ya samu kariya ne ta hanyar yarjejeniya da al'ummar Laminga, tare da gudummawar Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF. Abubuwan da ake sa ido a kansu a tsaunukan Jos su ne fasa dutse, saran itace, yawan kiwo da ƙona ciyawa kafin ta zubar da 'ya'ya, da kuma kafewar ƙananan wuraren shan ruwa da rani. Ɗaliban APLORI suna sanya wa tsuntsayen zobe a ƙafa domin bin diddigin yawansu daga shekara zuwa shekara.